Ku Tambaya Mu Amsa: Gurbi huɗu a farantin tsofaffin kuɗi

Tun da na ambaci anini a wannan shafi makonni uku da suka wuce, wasiƙu suke ta shigowa a kan tsofaffin kuɗi. Na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci wuri, domin abin da ke damun mai ita ya taɓa damuna har shekara tara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin firamare ne a Unguwar Rogo, Jos. Da mahaifinmu ya rasu, aka bar mini wani gwangwanin madara cike da tsofaffin kuɗi, saboda babu mai so a cikin 'yan'uwana. Na zauna na ware su, na sa kafinta ya yi mini faranti na katako mai gurabe, ina son in tara ɗaya-ɗaya daga kowane iri, tun daga na zamanin Turawa har zuwa naira biyu. Yanzu saura huɗu: anini na sanholo, kwabon Sarki Edward na Takwas na 1936, fataka (wato sule biyu) ta azurfa, da rabin kwabo na 1973. Shekara biyu ke nan ina zagaya Taminus da Katako, ban samu ko ɗaya ba. Wani a WhatsApp ya ce yana da na 1936, amma kuɗin da ya yanka ya kusa albashina na wata. Ina zan dosa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Zan dawo kansa.

Ka yi dabara da ka ja wa kanka iyaka, ɗaya daga kowane iri. Da cewa ka yi sai ka tara kowace shekara da kowane gidan bugu, da ka ɗauko dala ba gammo, domin kwabo na shekara ɗaya ana iya samunsa iri uku. Wanda aka buga a Landan ba shi da wata alama, na kamfanin Heaton da ke Birmingham yana da ɗan harafin H, na King's Norton kuma KN, kuma sai ka ari gilashin mai gyaran agogo kafin ka gan su sosai. Ka tsaya a kan iyakarka.

Dalilin da ya sa shekara biyu ba ta yi maka komai ba shi ne kana nema a inda kowa yake nema. Abin da kake gani a baje a tire a kasuwa, shi ne abin da ya yi yawa har ya ishi kowa: kwabon 1959, kwabo goma mai bishiyar kwakwar manja, ƙwandalar 1991 mai hoton Herbert Macaulay. Huɗun nan da suka rage maka, kowannensu da ƙofar da ya bi ya fita daga hannun mutane, kuma ta wannan ƙofar za ka bi sawunsa.

Mu fara da na 1936, don shi ne mafi sauƙi duk da tsadar da ake ɗora masa. Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairun 1936, ya sauka a Disambar wannan shekarar, kafin a saki kuɗi mai ɗauke da fuskarsa a can. Namu masu huji kuwa ba su da wurin fuska, suna kawai ake rubutawa da kambi, saboda haka aka buga anini da ɗari da kwabo da sunansa, kuma miliyoyi aka buga. Labarin sarkin da ya bar mulki ne yake sa masu sayarwa su ɗaga murya, amma kwabon kansa ba ya wuya. Ni shawarata ma ka sake zazzage gwangwanin nan a kan farin ƙyalle, ka bi kwabban da ka ware a matsayin maimai ɗaya bayan ɗaya. Shekara kaɗai ba ta isa ba, domin akwai na Sarki Joji na Biyar mai ɗauke da 1936 shi ma. Sunan za ka karanta, EDWARDVS, sannan ka ƙirga sandunan da ke bayan V. In uku ne, shi ne kake nema. In biyu ne, sunan kuma EDWARD kawai, na kakansa ne Edward na Bakwai, wanda sunansa yake kan kuɗinmu daga 1907 zuwa 1910.

In babu a gwangwanin, ka tuna inda masu huji suka tafi bayan an daina karɓarsu. Hujin nan an yi shi ne don a shirya su a zare, kamar yadda aka saba shirya wuri. Da suka tashi daga kuɗi sai suka zama maɓalli, suka zama adon gashi, suka zama abin wasan yara. Na taɓa tsayawa a Gangare ana cire kwanon wani tsohon gida, na ga kafinta yana zare ƙusa, ƙarƙashin kan kowace ƙusa akwai kwabo da aka sa don kada ruwa ya bi. Ya tara su a hularsa sun fi talatin. To ka san masu kwance tsofaffin gidaje a Bukuru da Barikin Ladi, inda barikokin kuza suke, ka san 'yan gwangwan na wajen Dilimi. Su a kilo suke saye, a kilo suke sayarwa. Ka bar musu hoton abin da kake so a takarda, ka ce duk wanda ya ware maka masu huji za ka biya fiye da kuɗin kilo, kuma ranar da suka kira ka ka je ko da ba ka sa ran komai, don in ka ƙi zuwa sau biyu sun daina kira.

Rabin kwabo labarinsa daban. Ina ɗan shekara goma sha huɗu a Bukuru aka yi canjin kuɗi, ranar 1 ga Janairu 1973. Fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, sisi ya koma kwabo biyar, amma tsofaffinmu har suka koma ga Allah sule da sisi suke cewa. Tsaba biyar aka fito da su: rabin kwabo mai auduga, kwabo mai hasumiyar haƙar mai, kwabo biyar mai koko, kwabo goma, da kwabo ashirin da biyar mai dalar gyaɗa. Rabin kwabon bai yi tsawon rai ba. Bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, kaya suka tashi, ya zama ko mai ƙosai ba ta kallonsa. Ba shi da huji balle a yi ado da shi, ba azurfa ba ne balle maƙeri ya so shi. Inda ya faɗi nan ya kwanta: aljihun tsohon keken ɗinki, ƙasan teburin mai shago, asusun da aka manta ba a fasa ba, akwatin tsohon ma'aikacin gidan waya.

Kai kuwa kana da abin da ni ban samu ba, wato aji guda na yara, kowanne da kakarsa. Ka ba su aikin gida, su je su tambayo sunayen kuɗin da: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule, fataka. Su tambayo me ya sa ake ce wa rabin kwabon Turawa ɗari, ko akwai wadda za ta tuna musu da lissafin wuri. In akwai tsohon kuɗi a gida, kada su ɗauko, ka ja musu kunne sosai a kan wannan. Su ɗora takarda a kai su goga fensir har zanen ya fito, su kawo maka takardar. Ko ba ka samu komai ba yara sun ƙaru, in kuma ka ga zanen auduga a ɗan ƙaramin da'ira, sai ka sa hularka ka je gidan da kanka ka yi sallama.

Yanzu fataka. A nan ne zan daɗe.

Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fara fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, da kan Sarki Joji na Biyar a gaba, sule da fataka kuma da bishiyar kwakwa a baya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, a 1920 aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Mutanenmu ba su jira an yi musu bayani ba. Wanda duk ya riƙe ta azurfa ya ɓoye, ya kashe ta tagulla. Waɗanda aka ɓoye kuma yawancinsu a wutar maƙeran farfaru suka ƙare, suka zama zobba da warwaro da mundaye. Abin da ya tsira, a hannun mata ya tsira.

Mahaifina lebura ne a kuza kafin ya zama heluma, kuma daga gare shi na gaji nawa tarin. Fatakar azurfa ita ce gurbina na ƙarshe. Na je Kurmi a Kano, na je Zariya, na yi wa wani maƙeri a nan Jos sintiri har ya fara ce mini ɗan gida. Shekara tara. Ashe tana ɗakin gwaggon mai ɗakina a Barikin Ladi, gidan da nake zuwa gaisuwa kowace sallah. Wata rana da sanyin hunturu muna zaune a bakin murhu, hira ta kai mu ga kuɗin da, sai ta ce in jira. Ta sauko da kwalla ta uku daga jere, ta ɗaga zannuwa biyu masu ƙamshin kanumfari, ta ciro wani ƙullin tsumma da ya yi baƙi don tsufa. Da haƙori ta kwance shi. Fataka ce ta 1913, ta yi duhu kamar bayan tukunya, an liƙa mata ɗan kunne a sama inda ake zura zare. Ta ce ta mahaifiyarta ce, da ita aka kai ta ɗakin miji tana rataye a wuya.

Na yi kuskure a ranar, na ce, "Gwaggo, nawa zan bayar?" Ba ta ce komai ba, ta mayar da ita cikin tsumma ta ƙulle. Kunya ta rufe ni, kuma ta dace da ni, domin na yi cinikin abin da ba na kasuwa ba. Ban sake tayar da maganar ba. Bayan kusan shekara guda na ɗauki farantina gaba ɗaya na kai mata, don kawai ta gani. Ta sa aka kawo mata tabarma ƙofar ɗaki inda haske yake, ta riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana faɗin abin da kowanne yake saye a zamaninta, wannan na goro, wannan na kalanzir, wannan mai kusurwa goma sha biyu taron 1959 ne, shi take ba yara in sun yi aike. Da yatsanta ya kai kan gurbin da babu komai sai ta tsaya. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce na fataka ne. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito, ita da kanta ta sa ta a gurbin, ta ce, "Nan ta fi samun 'yan'uwa. Amma kada ka cire mata kunnen."

Ban cire ba. Dillalan ƙasashen waje za su ce maka kuɗin da aka liƙa wa kunne ko aka huda ya faɗi a daraja, kuma a lissafinsu gaskiya ne. Ni dai a wurina kunnen nan shi ne shaidar hanyar da ta bi ta tsira daga wuta. In ka samu mai kunne, ka karɓa hannu biyu. Ka fara da tsofaffin gidanku, na wajen uwa da na wajen uba, ka je da farantinka, kada ka je da maganar kuɗi. In ta kama a yi alheri, a yi shi daga baya, da turmin zane ko abin da ka san tana buƙata. Ka kuma bar saƙo wurin maƙeran farfaru cewa in an kawo musu fataka don a narka, su kira ka tukuna, za ka biya kuɗin azurfar har da ɗori. Wannan kuɗin ya yi yawo a Gana har 1958, da Saliyo da Gambiya, saboda haka in kana da dangi a zangon Kumasi, su ma ka sanar da su. Ta gaske nauyinta giram 11.3 ne, in ta sha hannu ta ɗan ragu kaɗan. Maganaɗisu ba ya kama ta, kuma in ka ɗora ta a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, ƙararta tana ja kafin ta mutu. Masu sayar da zinari suna da ƙaramin sikelin da zai auna maka.

Aninin sanholo shi ne zan gaya maka gaskiya a kansa: da wuya ka same shi mai kyau a ƙasar nan. An buga shi a 1907 da 1908, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka fara kashewa a duniya, kuma an rubuta sunan Nijeriya a jikinsa tun kafin haɗewar 1914, ga rubutun Larabci a ƙasan hujin, ga tauraro mai tsini shida a baya. Gumi da damina da ƙasa suka cinye shi, tun a 1908 aka koma farin ƙarfe mai ƙwari. Waɗanda suka rage da kyansu yawanci Turawa ne suka tafi da su gida a matsayin tsaraba. In kana da wani a Ingila, ya duba maka wurin dillalan tsofaffin kuɗi na can, babu abin kunya a ciki. Gane shi ba wuya, in ka ɗora a tafin hannu kamar ba ka ɗora komai ba. Kafin nan ka bar gurbin a buɗe. Ranar da ka shiga Abuja kuma ka nemi izinin shiga gidan adana kuɗi na Babban Banki, ka ba idonka abinci, domin idon da ya saba da na gaske ba ya saurin ruɗuwa.

Shi kuma mutumin WhatsApp, ka ce ya ɗauki hoton gaba da baya, a kan takardar da ya rubuta sunanka da kwanan wata da hannunsa. In yana Jos ku haɗu da rana a bainar jama'a, ka riƙe a hannunka kafin ka biya. Ka taya shi da abin da ba zai taɓa cefanen gidanka ba, in ya ƙi ka bar masa. Ka kuma riƙa yawo da maimanka a aljihu, don masu wannan sha'awa sun fi son musaya a kan ciniki. Mai nema yana tare da samu, Malam. Ka rubuto mini ranar da gurbi ɗaya ya cike.

TAMBAYA: Baba, na samu kwabbai a kayan kakata, duk sun yi baƙi, wasu da kore-kore. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa su a lemun tsami in goge da toka. In yi? Daga wata uwar gida a Kubwa, Abuja.

AMSA: Hajiya, don Allah kada ki yi. Ni na yi, da kwabon da mahaifina ya fi so, ina saurayi. Ya fito jawur yana ƙyalli, bayan mako biyu ya koma wani launi mara kyau, rubutun ya dushe, ga zane-zanen toka a fuskarsa har yau. Garin neman gira na rasa ido. Duhun nan da kike gani rigar da shekaru suka saka masa ce, masana ma ita suke so. In ƙasa ce ta manne, ki jiƙa a ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ki ɗauraye, ki ɗora a kan tawul ki danna a hankali har ya bushe, ban da gurzawa. Masu koren nan ki ware su daban, domin in kore ne mai gari-gari yana ci gaba da cin ƙarfen. Ki naɗe kowanne a 'yar takarda, ki ajiye inda babu laima, kuma ki riƙa kama su ta gefe.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da wani babban kuɗin azurfa mai hoton mace da shekarar 1780. Wasu mutane sun ce akwai Bature a Legas da zai saya miliyan ashirin, amma sai na ba da kuɗin gwaji da na mota tukuna. Daga wani direba a Farar Gada, Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, 'yan damfara ne, ka toshe lambarsu yau. Mai saye na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. Abin da kake riƙe da shi dalar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigo da ita ƙasar Hausa ta hamada. Matar ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka ci gaba da sa mata, har cikin ƙarni na ashirin, a gidajen bugu da dama. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufanta, kuma akwai su da yawa ƙwarai. In ta gaske ce nauyinta giram 28 ne, kuma darajarta ba ta yi nisa da kuɗin azurfar da ke jikinta ba. Abu ne mai kyau na ajiyewa, ka ajiye wa 'ya'yanka. Irin wannan tatsuniya ake yi a kan kwabo mai huji da tsohon dutsen guga, kuma na san gidajen da ta raba da jarinsu.

TAMBAYA: Baba, a makaranta an ce mana an fito da naira biyu ta ƙarfe a 2007, amma tawa an rubuta 2006. Jabu ce? Daga wata ɗalibar sakandare, Rikkos.

AMSA: 'Yata, ba jabu ba ce, kuma malaminku bai yi kuskure ba. An buga su da shekarar 2006, aka sake su ga jama'a ranar 28 ga Fabrairu 2007, su uku: kwabo hamsin, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya. Ki nemi sauran biyun tun yanzu da ake samunsu a aljihun tebur, ki zaɓi waɗanda ba su sha hannu ba, ki naɗe su a takarda ki rubuta inda kika samo kowanne da ranar da kika samu.